Saura Ƙulli Ɗaya

Mahaifina ya haura shekara casa'in kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma shekara talatin da 'yan kai daga cikinsu a kan ruwa ya yi su. Abin dariyar shi ne a Kawo muke zaune, nan Kaduna, inda ruwan da muka sani bai wuce rijiya da kogin nan ba, kogin da shi Baba yake kira ruwan alwala. Yana saurayi ya gangara Lakwaja neman aiki, ya shiga jirgin da ke dakon kaya a kogin Kwara. Wannan jirgi ya miƙa shi ga wancan, har ya tsinci kansa a Ikko cikin manyan jiragen da ke kai gyaɗa da fatu Ingila. Aikinsa igiya ne. Shi ke ɗaure jirgi in an iso gaɓa, shi ke kwance shi in za a tashi, shi ke duba ɗaurin kaya kada iska ta yi gaba da su. Daga baya ma shi ya zama babban masu wannan aiki a jirginsu.

In ya zo hutu, unguwa kan gane shi tun daga nesa saboda tafiyarsa. Ƙafafu a ware, yana rangaji, sai ka ce ƙasar Kawo za ta kife da shi. Mu kuwa gida ya kacame ke nan har ya koma. Washegarin isowarsa zai ɗebo ruwa bokiti huɗu ya sheƙa wa tsakar gida, wai haka ake wanke jirgi kullum, daɓen da Inna ta sha wahalar yi ya koma caɓi, kaji su yi ta zamewa. Daga nan ya shiga ɗakinta ya ga jeren kwanukanta, fanteka kan fanteka har kusan rufi, hankalinsa ya tashi, ya ɗauko siririyar igiya ya bi su ya ɗaure da jikin bango.

"Malam, ɗakin nan fa ba ya zuwa ko'ina," in ji Inna.

"Haka kowa ke cewa kafin iska ta taso," in ji shi, yana ƙara tamkewa.

Shi ke wanke kayansa, shi ke ɗinke mana riguna da wata ƙatuwar allura ta ɗinkin tamfal, a zaune a ƙofar zaure, maza na wucewa suna kau da kai, kunya ta kama su a madadinsa. Shi ko a jikinsa. Ya taɓa cewa zai yi mini kitso, wai kitso da tufkar igiya duk abu ɗaya ne. Na yarda, don ba ni da wayo. Kitson ya yi kyau ƙwarai, sai dai kwana uku ko dariya ba na iya yi saboda tsauri, kuma da aka zo tsefewa sai da aka kira shi, don babu macen da ta gane inda ya ɓoye bakin.

Ni ce 'yar fari. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini, kuma ya shagwaɓa ni iyakar shagwaɓa. Inna kuwa kunyar 'yar fari take yi mini. Ba ta kiran sunana, ba ta yi mini dariya a gaban mutane, in za ta aike ni sai ta ce "ke" ko "yarinyar nan". Na daɗe ina zaton ba ta so na, ƙannena biyu maza kawai take so.

Mutum ɗaya ne duk abin nan bai taɓa ba shi dariya ba, wato Kawu, yayan Inna. Iyayensu sun rasu, shi ne ubanta, shi ya ba da aurenta. Bafatake ne, ya yi shekaru yana kora jakuna da kanwa da gishiri daga ƙauyensu na bayan Zariya zuwa kasuwanni, kafin motoci su karɓe hanya. Dogo ne mai kaifin murya, in ya yi gyaran murya a zaure har akuyarmu takan daina tuƙa. A ganinsa Kaduna bariki ce, kuma mace ba ta zama a bariki babu miji. Na ji haushinsa a lokacin, amma yana da hujja. A tafiyar da ta gabata Baba ya ce shekara ɗaya zai yi, ya yi kusan biyu, a cikinsu ƙanina ya yi ƙyanda mai tsanani, Inna ta yi jinya ita kaɗai. Ga kuma maza da yawa da aka sani sun tafi Ikko sun yi aure can, ko sallahu ba a ƙara ji daga gare su ba.

Ina 'yar shekara tara, 'yan shekaru kafin Turawa su miƙa mulki, Baba yana shirin komawa, Kawu ya zo ya zauna a zaure ya ce a kira masa ƙanwarsa da mijinta. Ni ina bayan asabari ina jin komai, don tun ina ƙarama ba a raba ni da laɓe.

"Ba na son doguwar magana," in ji Kawu. "Ka faɗa mini lokacin dawowarka. In ya wuce, zan zo in kwashe ƙanwata da 'ya'yanta in mai da su gida, sauran kuma alƙali ya ƙarasa."

Baba bai yi fushi ba. Ya ce wata goma sha takwas ya sa wa kamfani hannu, kuma daga wannan ba zai sake karɓar doguwar tafiya ba. Ya buɗe akwatinsa na ƙarfe ya yanko farar igiya, ya zauna a gaban Kawu ya yi mata ƙulli goma sha takwas, 'yan dunƙule-dunƙule masu kyau, duk kansu ɗaya.

"Kowane wata a kwance ɗaya," ya ce. "In aka kwance na ƙarshe ba ka gan ni ba, Yaya, ka kwashe su, ba ni da ta cewa."

Kawu ya ƙirga da yatsa, sau biyu, ya ce ya ji. Aka rataye igiyar a ƙusa a ɗakin Inna, kusa da ƙofa. Washegari Baba ya tafi. Kwana uku da tafiyarsa wata ya tsaya. Inna ta fito da magariba ta gan shi, ta yi addu'a, ta shiga ta kwance ƙulli na farko. Babu wanda ya ga aibi a cikin wannan. Ni ma murna na yi, na ce ashe abin da sauri yake.

Ranar tsayuwar wata ta zama ƙaramar salla a gidanmu. Mukan kife turmi mu hau, ni da babban ƙanina, muna ture juna, kowa yana so ya riga ganinsa. Ni nake riga shi, in kuwa ya riga ni sai in ce gajimare ya gani. Inna ta dafa shayi da ganyen da Baba ya bari, ta buɗe gwangwanin biskit ta ba kowa ɗaya, sannan mu taru a kwance ƙulli. Da farko da haƙori take fama da shi, sai a na uku ta gano cewa akwai wani baki da in an ja shi ƙullin yakan zube da kansa. Ranar na ji ta yi dariya ita kaɗai tana cewa, "Mutumin nan!"

Wasiƙu kuma suna zuwa. Maƙwabcinmu, wani akawu a ofishin gwamnati, shi ke karanta mana daga zaure, Inna tana ji daga ciki. Baba yakan tambayi ko akuya ta haihu, ko kwanuka suna nan a ɗaure, ko Uwata ta rage faɗa a makaranta. Ya taɓa rubuto cewa sun ga kifin da ya fi motar lori tsawo. Akawu ya karanta wurin sau biyu, ya cire tabarau, ya ce shi dai abin da aka rubuta ya faɗa, kada a ɗora masa.

Daga ƙulli na goma sha huɗu wasiƙa ta ɗauke. Daga baya muka ji cewa jirginsu wata hanya mai nisa ya bi, amma a lokacin ba mu sani ba. Shayi ya fara fita daga raina. Ranar da aka kwance na ƙarshe ma ba a dafa ba. Inna ta ja bakin, ƙullin ya zube, ta mai da igiyar ƙusa miƙe sambal, ta zauna a bakin gado. Washegari sallahun Kawu ya iso, wai jibi yana hanya.

Tsoro ya kama ni sosai. Ba na son ƙauye, ba na son barin makaranta, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne in tuna Baba ya shigo da rangajinsa yana kiran Uwata, ya tarar da gida wayam, mutane kuma suna cewa ai dama maƙaryaci ne. Da safe, Inna tana bayan ɗaki tana yi wa ƙaramin wanka, na taka kujera na sauko da igiyar na yi mata ƙulli. Ƙulli ɗaya na iya a duniya, wanda nake ɗaure akuya da shi, kuma akuyar nan kullum sai ta kwance. Na ja shi da dukan ƙarfina, na mayar.

Kawu ya iso da hantsi. Ko ruwa bai gama sha ba ya ce a kawo igiya. Inna ta shiga ɗaki, ni ina kallonta ta ƙofa. Ta miƙa hannu, ta tsaya. Ta daɗe a tsaye tana duban ƙullin nan. Sannan ta sauko da ita ta kai zaure ta ajiye a gabansa.

"Ga ta nan, Yaya."

"A lissafina ta ƙare."

"Ga ta nan dai, duba da idonka."

Kawu ya ɗauka ya jujjuya ƙullin. Ya dubi Inna, ya leƙo ya dube ni. Ya ce, "Mijin naki hannunsa ya lalace a na ƙarshen nan." Ya ce zai dawo ranar da wata zai tsaya, kuma a gabansa za a kwance. Ya tafi ko kwana bai yi ba.

Na zauna ina jiran duka, bai zo ba. Da la'asar Inna ta ce, "Ke, zo in gyara miki kan nan." Ta yi mini kitso a hankali, ba ta ƙwanƙwashe ni da mataji ko sau ɗaya ba, da ta gama kuma ta bar tafin hannunta a kaina na ɗan lokaci. Ba ta ce komai a kan ƙullin da na yi ba, har ta mutu ba ta taɓa cewa ba. Amma ranar na san tana so na, kuma na yi kukan daɗi a bayan rumbu.

Bayan kwana biyu na je wurin akawu na tambaye shi ko jirgi yana nutsewa ba a ji labari ba. Ya ce me ya kawo wannan magana? Na ba shi labarin igiya tun daga farko. Ya tashi ya sauko da kalandar bara da ta bana, ya yi ta buɗe shafi yana motsa baki, can sai ya buga cinya.

"Kai, kai! Yarinya, babanki bai makara ba. Shi watannin kamfani ya ƙulla, irin na kalandar nan, ku kuma kuna kwancewa da na sama. Nasu kowanne ya ɗara namu da kwana ɗaya ko biyu. Ga shi kun ci na farko yana da kwana uku kacal da tafiya. Ranar da kuka kwance na ƙarshe, shi a wurinsa saura kwana arba'in da wani abu."

Na yi tsalle har ɗankwalina ya faɗi. Sai a hanyar gida na yi nawa lissafin, murna ta koma ciki. Ƙullin akuyata wata ɗaya kawai ya saya mana. In wata ya sake tsayawa, Baba yana da sauran mako biyu.

Kawu ya cika alkawari. Ya zo, har ya yi magana da direban lori da zai kwashe mu da safe. Da magariba wata ya tsaya, siriri, a daidai kan mangwaron maƙwabta, kuma ranar ban yi gardamar wanda ya riga gani ba. Kawu ya sa Inna ta kwance. Ƙullina ko gardama bai yi ba. Ya naɗe igiyar ya sa a aljihu.

Ban san lokacin da na tsaya a gabansa ba. Na zuba masa bayanin akawu duka, ina haɗa kalanda da kwanaki ina haki.

"Ke, rufe mini baki," in ji shi. "Wata ɗaya Allah ya rataya mana a sama, da shi muke azumi, da shi muke salla. Na takarda ban taɓa ganin ya tsaya ba."

"To ai Baba bai yi ƙarya ba!" na faɗa da ƙarfi. "Kuskure ne, kuma ba shi kaɗai ya yi ba, har da ku da kuka ƙirga sau biyu!"

Babu yaron da ya taɓa ɗaga wa Kawu murya. Inna ta ce a hankali, "Yaya, ka dai ji abin da ta ce." Shi kuwa ya miƙe ya ce a ɗaure kaya, ya fita masallaci. Inna ta shiga ɗaki ta fara kwance igiyoyin da Baba ya ɗaure kwanukanta da su, ɗaya bayan ɗaya, tana naɗe kowacce tana ajiyewa a gefe. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na fita ƙofar gida don kada in gani, sai na hango Kawu tsaye da akawu a bakin masallaci, akawu yana ƙirga da yatsu, Kawu yana kallon ƙasa.

Da gari ya waye, kayanmu a ɗaure a tsakar gida, muka ji muryar Kawu daga zaure.

"Wai wa ya ce igiyar nan ta ƙare?"

Muka fito. Ga igiya rataye a ƙofar zaure, da wani ƙaton ƙulli a tsakiyarta kamar dunƙulen hannu.

"Ku mutanen bariki ko ƙirga ba ku iya ba," ya ce, yana ɓata rai. "Saura ɗaya. Kun sa na yi tafiyar banza." Inna ta ce ya tsaya ya sha koko, ya ce ba ya sha. Ya ɗauki sandarsa, ya kai ƙofa, ya juyo ya nuna ni da ita. "Ke kuma mai baki, ki je ki koyi ɗaure akuya."

Kwana goma sha ɗaya bayan nan, da azahar, yaran unguwa suka rugo suna ihu wai ga mai rangaji nan. Na fita ba takalmi. Ya ajiye akwati a tsakiyar hanya ya ɗaga ni sama, ƙatuwa da ni, yana cewa, "Uwata, kin gani? Har da sauran kwana biyu!" Shi a zatonsa ya zo da wuri, har yabo yake jira. Da ya huta ya ce a kawo masa igiya, na ƙarshen da hannunsa zai kwance. Aka kawo. Ya dube ta, ya ɗaga gira.

"Wannan ba nawa ba ne. Wannan ɗaurin mangala ne, irin na fatake. Wa ya shigo da jaki gidana?"

Ni na ba da labari, don Inna ta ce aiki ya yi mata yawa. Ya yi dariya a wurin ƙullin akuya har da hawaye. Da na zo kan bayanin akawu kuwa dariyar ta tsaya. Ya dubi kwanukan Inna da ke jere ba ɗauri, ya dubi igiyoyin da ta naɗe a gefe, ya gane yadda abin ya kusa. Ya ce, "Subhanallahi. Laifina ne, da na yi bayani." Ya mai da igiyar ƙusa da ƙullinta, sannan ya tashi ya sake ɗaure kwanukan, Inna tana miƙa masa igiya.

Washegari ya tafi ƙauye da ganyen shayi da wata kwat mai nauyi ta 'yan jirgi. Kawu ya karɓi kwat, ya musanta cewa ya taɓa ƙulla wani abu, kuma a kan musun nan ya tsaya har ƙarshen ransa. Kwat ɗin kuwa ko a bazara sai ya sa in zai zo Kaduna, yana gumi yana zagin bariki, su zauna da Baba a zaure suna gardamar ɗaurin wa ya fi riƙo.

Baba bai sake doguwar tafiya ba. Ya koma jiragen da ke bin gaɓa, watanni kaɗan ya zo gida, har ya ajiye aiki ya dawo Kawo gaba ɗaya. Ya aurar da mu, ya goyi jikoki a kafaɗa, ya ga 'ya'yansu. Duk wanda ya tashi a gidan nan ya iya ƙulli bakwai ko takwas, har da ni, kuma akuya ba ta sake kwance mini ba. Jikoki sukan roƙe shi ya bar su su kwance na jikin ƙusa, sai ya zare ido ya ce, "Kul! In aka kwance, Kawu zai zo ya kwashe kakarku." Haka yake faɗa ko bayan Kawu ya shekara ashirin a ƙasa, Inna kuma ta ce, "Ku ji shi fa," tana rufe baki da mayafi.

Bayan addu'ar bakwai ɗinsa ina tattara kayansa, na sauko da igiyar. Ta yi baƙi da hayaƙi, ƙullin ya taurare. Na kai wa Inna, ta tsufa ƙwarai a lokacin, idonta ba ya gani sosai. Ni kaina na haura sittin, da jikokina. Na ce, "Inna, a kwance?"

Ta karɓa ta shafa ƙullin da babban yatsa.

"Ke yarinyar nan, mai da ita ƙusarta," ta ce. "Cewa ya yi sai an kwance na ƙarshe za a raba ni da shi."

Na taka kujera na mayar.